Bugun Garwa a Gidan Yarin Nguru

Shekarar da aka kama mu ni da yayana, ruwa ya janye da wuri a fadamun Gashuwa. Aka wayi gari rumbun wani mai unguwa ya ƙone, aka ce mu ne, don mun taɓa yin cacar baki da shi kan wani tafki da ya hana mu su a ciki. 'Yan doka suka haɗa mu a igiya ɗaya, suka tasa ƙeyarmu a ƙafa har Nguru.

Muna isa gidan yari aka raba mu. Ni aka sa ni cikin masu ɗebo ruwa, shi kuwa cikin masu share hanyar tashar jirgin ƙasa. Ko gaisawa an hana mu. Ran nan wani gandiroba ya ja ni gefe.

"Yayanka ya amsa laifi," in ji shi. "Ya ce kai ka cinna wutar. Kai ma ka amsa, a yi maka sassauci."

"Ranka ya daɗe, sai na ji daga bakinsa."

"To, bakin ne ba za ka ji ba."

Bai san cewa mu masunta ne ba. In muna kan gora, babban duman da muke hawa mu yi su, a tsakiyar ruwa ba ma ɗaga murya, kada kifi ya watse. Goran muke ƙwanƙwasawa. Bugu ɗaya, ina nan. Biyu a jere, kada ka motsa.

Da hantsi ayarin masu shara ya bi ta bakin rijiya. Na hango Yaya, ya rame, kansa a sunkuye. Na dunƙule hannu na bugi garwata sau ɗaya. Bai ɗago ba. Sai na ji sheburinsa ya daki dutse, ƙwas, ƙwas. Na gane bai amsa komai ba, ni ma kada in amsa. Na kusa sakin guga cikin rijiya don murna.

Gandiroban ya tsula mini bulala, wai wace irin ganga nake kaɗawa. Na ce ina duba ko garwar na yoyo ne. Kashegari ma na buga, haka kullum. In ba a bi da su ta rijiya ba, wani Bafillace da muke ɗebo ruwa tare, mai kwana ɗakin su Yaya, yakan kai masa saƙon da bugun ƙwaryar abincinsa.

Ranar da aka kai mu gaban alƙali, ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai yi ba. Aka nemi shaida, ba wanda ya tashi. Alƙali ya sallame mu.

Muka kama hanyar Gashuwa, ƙafafunmu a kumbure. Sai da muka wuce gonakin gyaɗa Yaya ya buɗe baki, ya tambaye ni ko na ci abinci.