Tsamiyar da Ta Dawo Mana da Auta Gida

Ni karatuna bai wuce inda malam ya gaji da ni ba. Abin da na sani kamun kifi ne da noman rani, tun da ruwan Tiga ya ci garinmu aka kwaso mu aka zube a nan ƙasar Bebeji. Amma in aka tambaye ni aikin da na fi taƙama da shi, ba zan ambaci wani giwan ruwa da na taɓa ja ba. Banɗaki zan ambata.

Babban ɗana da ke aiki a birni ne ya ce salga ta yi wa gyatumarsa wuya saboda ciwon gwiwa. Ya sa aka gina mana banɗaki na zamani, tayil fari ƙal ƙasa da bango, da masai na zama, da famfo da aka jawo daga burtsatsen unguwa. Ranar da aka gama, sai da na cire takalmi, saura kaɗan in yi sallama. Abin da ba mu sani ba, ruwan burtsatsen nan a ido ne kawai yake garai. Duk inda ya ɗiga sai ya bar jan zane kamar haƙoran mai cin goro. Tsakanin tayil kuma ya yi baƙi ƙirin. Matata ba ta iya durƙuso, sai dai ta watsa ruwa ta ja tsintsiya daga tsaye. Ni kuwa ina shiga ina fita, ban taɓa ganin komai ba.

Ana nan sai autarmu, da ke aure a birni, cikinta na fari ya tsufa. A wurinmu haihuwar fari gida ake zuwa. Uwa ce ke dafa ruwan wanka da ganye, ta dama kunun kanwa, ta riƙe mai jego har a yi arba'in. Yarinyar da ba ta zo ba, mutane ba sa tambayar lafiyarta, gidan ubanta suke tambaya.

Uwar mijin Auta, wata Hajiya mai tsabta har ta yi yawa, ta zo gaishe mu. Bayan an ci an sha ta ce za ta kama ruwa. Ta shiga, ta fito da wuri, tana gyara mayafi, baki a tsuke.

"Malam," in ji ta, "ina ganin yarinyar nan ta yi wankanta a wurinmu. Kada a wahalar da mahaifiyarta da wannan ƙafa."

Babu wanda bai gane ba. Ƙafa ba ta yi laifin komai ba. Na yi ta kame-kame, na ce a dai ƙara dubawa. Ta ce to, tana da biki a Tudun Wada nan gaba kaɗan, za ta biyo mu ƙarasa magana.

Motarsu na tashi matata ta zauna a bakin ɗaki tana share ido.

"Duk 'ya'yana mata a hannuna suka yi wanka," ta ce. "Sai Auta ce za a ce gidanmu bai isa ba?"

Na ce a kira matan maƙwabta su taya ta. Ta ce wallahi sai dai banɗakin ya rushe, ba za ta bari a ɗauki zancenta a kai gidan suna ba.

"To ni zan wanke."

Ta daina kukan ta dube ni. "Kai? Malam, kai da kwanon da ka ci tuwo ma sai an zo an ɗauke a gabanka?"

Wannan magana ce ta zuga ni. Washegari na naɗe wando, na zazzaga omo, na dirji ƙasa da tsintsiya har kafaɗata ta amsa. Kumfa ya tafi, jan nan yana nan yana kallona.

Sai na yi tunani irin nawa. Tun muna yara, in bango ya yi dauɗa kuma baƙi na tafe, farar ƙasa ake shafa masa. Na samo ta, na kwaɓa da kauri, na bi tayil ɗin nan na shafe tas, har da gindin masai. Da ya bushe, kai, ko ɗakin amarya albarka. Na kira matata ta zo ta ga aikin maza. Ta dogara sanda ta leƙa, ta ɗauki buta ta tsiyaya a bango. Farar ƙasata ta biyo ruwa ta gangara rariya kamar nono, jan ya leƙo.

"Mai jego da tafasasshen ruwa take wanka safe da yamma," ta ce. "So kake 'yarka ta fito kamar an tona ta daga buhun fulawa?"

Daga nan ta karɓe mulki. Ta sa aka ajiye mata kujerar roba a ƙofar banɗaki, ni ina ciki a durƙushe, ita tana nuni da sanda.

"Tsamiya za ka jiƙa. Da me kake zaton muke goge tsatsar tasa?"

Na jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, na dama ta yi kauri kamar za a yi kunu. Da ta juya baya, na ce bari in ƙara mata ƙarfi, na jefa kanwa. Abin ya taso yana kumfa yana shuu, ni kuma ina murna na haɗa magani.

"Me ka sa?"

"Ɗan taimako."

"Innalillahi. Ka taɓa ganin an sa wa miyar yakuwa kanwa don ta ƙara tsami? Ka kashe ta. Tsamin ne ke cin jan. Zubar, ka sake."

Na zubar, na sake. Ga yadda ake yi, ga duk mai so. Za ka shafa tsamiyar a kan jan, ka rufe da tsumma mai laima don kada ta bushe, ka tafi ka yi wata harkar. Ni nakan je in duba albasata in dawo. Gaggawa ce ta fi ɓata aikin nan. In ka dawo ka dirje da soso, ka ɗauraye. Wanda ya daɗe ba ya fita lokaci guda, sai an maimaita. Na farkon da na ga farin tayil ya fito a ƙarƙashin sosona, kabbara na yi, matata ta ce in tuna inda nake.

Bakin famfo, inda ruwa ya bar farin ɓawo, lemon tsami na raba na tsoma a gishiri na goga. Ƙasa inda sabulu ya yi santsi, toka na tankaɗe mai laushi, don mai tsakuwa tana karce tayil. Baƙin da ke tsakanin tayil shi ya fi taurin kai. Wannan sai bilic, ruwan nan na kanti mai faranta kaya, da tsohon buroshin haƙori, layi bayan layi. Ɗana ya yi mini kashedi a waya cewa bilic ba ya haɗuwa da abu mai tsami, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum, don haka sai da na ɗauraye tsamiya sarai na bari aka kwana, ƙofa kuma a buɗe. Rariya na bi ta da ruwan zafi da kanwa, warin ya kwanta. A nan kanwata ta sami inda ake son ta.

Gwiwoyina suka yi kanta, hannuna ya yi fari kamar na mai wankau. A majalisa aka tambaye ni, na ce sabon taki ne ya ci ni. Matata ta riga ta ja mini kunne: "In ka sake wani ya ji mijina ne ke wanke mini banɗaki, ni da kai ne."

Ranar bikin, Hajiya ta biyo. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka kawo fura. Ni dai idona na kan buta. Can ta miƙe. Ta shiga. Wannan karon ta daɗe, har na fara jin ko farar ƙasa ta rage a wani lungu.

Ta fito tana yarfe hannu, ta zauna kusa da matata.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Da wannan gwiwar kika yi wannan aiki?"

"To, ya za a yi," in ji matata, ko kunya babu, har da shafa gwiwa.

Ni ina gefe kamar zan fashe. Na yi gyaran murya, ta harare ni. Na sake yi.

"Hajiya," na ce, "kin duba bayan masai kuwa? Can ƙasa, wajen da hannu ba ya kaiwa sai an kwanta da ciki?"

Hajiya ta dubi hannuna, ta dubi matata, ta ja mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta ne kawai ke rawa.

"Na duba, Malam. Duk wanda ya kwanta da cikin nan, Allah ya saka masa." Ta juya ga matata. "Sai ku fara tara itace. In wata ya kama zan sa a kawo ta."

Ban sami abincin kirki ba a ranar, amma ban damu ba.

Auta ta zo, ta sauka lafiya, mace. Da safen da aka fara wanka ina zaune a zaure ina jin ƙarar ganye a ruwan zafi, da muryar uwarta daga kan kujera tana cewa a ƙara a baya, da ihun Auta tana cewa zai ƙona ta. Da suka fito, tururi na tashi daga jikinta, ta tsaya ta dafa bango.

"Baba, ganyen nan fa yana rina tayil."

"Yi wankanki, uwata," na ce. "Wannan ba matsalarki ba ce."

Na jira suka shige ɗaki, na leƙa waje ko wani na tafe, na naɗe wando.