Yadda Ghislaine Ta Samo Mana Makarantar Faransanci

Ghislaine Gaudet maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na masu jin Faransanci a lardin Saskatchewan na Kanada, ta yi shekara ashirin tana tuƙa motar 'yan makaranta. A idonta yaranmu ke fara karatu da Faransanci a baki, kafin shekara ta zagayo sun koma Turanci zalla. Ranar da jikarta ta kasa gane hirar kakanta, ta ce abin ya isa haka.

Ta tara mu iyaye a gidanta, ta ajiye kundin tsarin mulkin Kanada kusa da tukunyar miyar wake.

Mijinta Réal ya ce, "Uwargida, ke da muryarki ke rawa a taron coci, ke za ki ja da gwamnati?"

"Sha miyarka, tsoho. Sashe na ashirin da uku na kundin nan ya ba 'ya'yanmu 'yancin karatu da harshenmu. Ba ni na rubuta ba."

Shekara huɗu muna zarya a kotu, ba ta taɓa fashi ba. Alƙali ya ba mu gaskiya, aka buɗe aji biyu, yara talatin da ɗaya. Yanzu ta ajiye tuƙi tana kiwon zuma, makarantar kuwa ta kai aji takwas.