Shinkafar Inna Manila

Sunanta Nenita, amma a unguwar Hayyin Ashir ko mai kawo tukunyar gas Inna Manila yake ce mata. 'Yar ƙasar Filifin ce, guntuwa, in ta tsaya bayan buhun albasa sai an yi cigiyarta. Shekara talatin tana rainon 'ya'yan masu hali a unguwar Ma'adi, waɗanda ta goya har sun yi gemu. Ba miji, ba ɗa, sai labari guda ɗaya tal, wanda duk benen da take zaune ya haddace dole.

Wai tana 'yar shekara sha tara mutanen garinsu suka cika babban titi kwana huɗu, ba sanda ba dutse. Tankokin yaƙi suka zo. Ta miƙa wa wani soja shinkafa a ganyen ayaba, ya sauke bindiga ya ci. Mai mulkin danniyar ƙasar ya gudu, aka koma zaɓe.

"Ashe yunwar soja ce ta kore shi, Inna, ba ku ba," in ji Baraka kullum.

Baraka 'yar Maraɗi ce, ɗakinsu ɗaya. Aikatau take yi ta hannun wani dillali, Hatim, wanda ya kulle fasfo ɗinta da na wasu mata a ofishinsa na unguwar Faisal. Sai aka bugo waya cewa mahaifiyarta ta kwanta, ba ta ci, sunan Baraka kawai take kira. Sau shida tana zuwa roƙon fasfo. Hatim ya ce gobe, ma'alish, a yi haƙuri, gobe.

Nan fa tsohuwar jijiyar Inna ta motsa. Ta bi gida-gida ta tara mata goma sha ɗaya, 'yan Sudan da Habasha da namu. Doka ɗaya ta kafa: a zauna a ƙofar ofishin, ba ihu ba zagi. Ta dafa shinkafa tukunya guda.

"Inna, iƙamata ta mutu tun bara fa," Baraka ta ce. "Takardar zama ce, ba a wasa da ita."

"Mu da muka tare tanki, wace takarda muka riƙe? Yalla, ɗauki murfin."

Bayan azahar suka shimfiɗa kwali suka zauna. Inna tana ta waiwaye, tana jiran jama'a su kwararo kamar yadda ta sani. Masu ƙananan bas suka yi ta hon. Wani mai shayi ya ce su matsa, sun tare masa ciniki. Hatim ya leƙo ta taga da waya a kunne.

Da motar jami'ai ta tsaya, fuskar Inna har haske ta yi. Ta zuba shinkafa a faranti, ta taka a hankali ta miƙa wa babbansu da hannu biyu. Mutumin kirki, ya karɓa, ya yi godiya, ya ba direba. Sannan ya ce, "Iƙama."

Tata lafiya lau, iyayen gidanta suna sabunta mata duk shekara. A cikin sauran, uku kaɗai ke da ita. Abin da Inna ba ta lissafa ba ke nan. A titin Manila kowa ɗan gida ne, ba inda za a kora shi.

Aka loda Baraka da sauran marasa takarda a mota, Inna ta kama ƙofar motar za ta shiga. Suka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ke tamam ce, Hajja. Koma gida."

Wayarta kawai Baraka ta cillo mata.

Aka ce za a mayar da su ƙasashensu in takardu sun kammala, wata guda ko biyu. A rana ta tara wayar ta yi ƙara a cikin jakar Inna. Ƙanin Baraka ne. Hausar Inna ba ta wuce ta cefane ba, amma ta san kalmar rasuwa.

Ranar Alhamis ake ziyara a inda aka tsare su. Inna ta bi layi tun hantsi, aka ba ta minti biyar ta bayan ragar ƙarfe. Baraka ta rame, leɓenta ya tsattsage, amma bakin yana nan.

"A'a, shugabar juyin juya hali! Kin zo duba rundunarki?"

Inna ta kasa dariya.

Baraka ta matso, ta saƙale yatsu a ragar. "An kira daga gida? Ki ce musu su gaya wa Iya ta jira ni, kyauta ma za a kai ni. Inna? Dube ni mana. An kira?"