Sai Abba Ya Gama

Akwai wata kujera mai taya a kantin da nake aiki a unguwar Setapak. Duk sanda mai kantin ya ja ta a kan tayil, sai in ji na rage murya ban sani ba. Irinta ce a ɗakin karatun Abba, a gidanmu na unguwar Danau Kota, can saman bene inda iska take kwashe shanya ta zubar a barandar maƙwabta.

Karatun digiri na uku aka turo shi nan ƙasar waje, ya taho da Umma, ni ina goye. A gidan na yi wayo, kuma abin da na fara koya shi ne shiru. Abba yana karatu. Ba gudu, ba talabijin, ko albasa Umma za ta soya sai ta rufe ƙofar kicin. In ruwan la'asar ya sauko da tsawarsa, yaran benen su fita tsalle a fili, ni sai leƙe ta taga, kada in dawo da hayaniya.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Ummi. Ban san ta ba sai a waya. Duk Juma'a take kira, ta kafa fuskarta a jikin wayar har ido ɗaya kawai nake gani.

"Takwara, wai sai na mutu za ki zo? Akuyar da na ajiye miki har ta yi jikoki."

"Sai Abba ya gama, Hajiya."

"To, Allah ya ba Dokta sa'a."

Dokta. Tun ranar da ya hau jirgi garinsu kaf suke kiransa haka. Shi kuwa ya rantse ba zai taka garin ba sai da takardar a hannunsa.

Ina tsakiyar sakandare wata rana na kai masa shayi, ban ƙwanƙwasa ba. Kwamfuta a rufe, ƙura a kanta sai ka yi rubutu da yatsa. Abba na zaune a ƙasa, ya kwance fanka yana goge fukafukanta da tsohon burushin haƙori. Fankar da lafiyarta ƙalau.

Na koma kicin. "Umma, ba karatu yake ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani. Rage murya."

Tana tankaɗe take gaya mini. Wai tun ina firamare malamin da ke duba aikinsa ya dawo masa da babi guda, ya ce a sake. Abba fa, mutumin da bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. Daga nan in ya buɗe aikin sai gumi ya karyo masa, ƙirjinsa ya riƙe. Sai ya gyara tebur, ya jera littattafai, ya ce gobe. Muddin bai miƙa ba, ba mai cewa bai iya ba.

"To Hajiya fa?"

"Ke, mutuncin ubanki ne. In ta kira, ki faɗi abin da kika saba."

Na faɗa kuwa. Da azumin shekarar ta rasu.

Ba ƙin karatun ne ya fi cina ba. Su biyun sun san ba ranar gamawa, amma a bakina suka sa maganar, duk Juma'a, ga tsohuwar da take lissafin kwanakinta.

Bara na je garin ni kaɗai. Baffa, ƙanen Abba, ya tsaya da ni a bayan katangar maƙabarta tunda mata ba sa shiga. Ya nuna da hannu.

"Can wajen darbejiyar nan. Ko gaba kaɗan."

Yanzu ɗalibai ne cike da shagunan shayi da abinci na layinmu da ake kira mamak, jarrabawa jibi, suna ta shan shayi da kallon ƙwallo. Na ji kwalejojinsu har ofis suke da shi na masu irin wannan matsala, ana gaya musu tsoro ne, ba lalaci ba. Na yarda, na ga tsoron da idona. Da a lokacin akwai ofishin, ban ce Abba zai je ba, don sai ya fara yarda wani ya ji.

Har yau yana cewa zai koma kan aikin. In ya fara, ba na masa musu. Tashi nake in bar ɗakin.