Wankin Bado

Shekara arba'in ina tuƙa wa Malam tuwon shinkafa. Shi yake noma ta a fadama, ni nake turarawa, in shanya, in kai inji. Sai wata rana ƙaya ta soke shi a yatsan ƙafa. Wata biyu ciwon bai warke ba.

Muka shiga Haɗeja asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne. Ya ce a rage shinkafa ƙwarai, in ba haka ba ƙafar za a yanke. Malam ya dube shi ya ce, "Likita, manomin shinkafa za ka hana shinkafa? To saura masunci, shi ma ka hana shi kifi." Likita bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

'Yarmu da ke aure a Kano ta ce ta ji masu irin ciwon suna cin acca. Ta ba direba kwano biyu, na hau keke napep na karɓo a tasha. Ban taɓa ganin acca ba. Da na kwance ledar na zaci tsakin kaji ta aiko min. Ta kira a waya tana ta nanata cewa in wanke sosai, akwai yashi. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake wanke hatsi. Na kashe wayar.

Na wanke ta yadda nake wanke shinkafa, ruwa biyu, na tsiyaye. Na tuƙa. Tuwon ya yi kyau a ido, fari, da laushi. Na kaɗa miyar kuka da bandar tarwaɗa, don banda ce sana'ata, kifi ba ya yanke mana. Malam ya yi bismilla ya kai loma. Daga bakin murhu na jiyo ƙarar.

"Ke, bakin kogi kika dafa min?"

Ya ture kwanon. Na ɗanɗana. Gaskiyarsa ce. Na zuba wa awaki.

Washegari na sa rariya. Acca da yashi girmansu ɗaya, tare suka wuce. Rana ta uku na yi fate da yakuwa, ina zaton yashin zai kwanta a gindin tukunya. Wani ya kwanta, wani bai kwanta ba. Daga nan Malam ya ce kada in ƙara kawo masa abincin tsuntsaye. Na gwada tuwon alkama, ya ce kamar danƙo. Ya koma ruwan zafi da ɗan kifi. Riga ta fara yi masa yawa.

Wata safiya ina kakkaɓe tabarmarsa na ga leda mai maiƙo a ƙarƙashi, da sauran shinkafa da wake a ciki. Maƙwabciyarmu ke sayarwa. Ban yi faɗa ba. Mutum yana jin yunwa a cikin gidansa, faɗan me zan yi masa? Amma da na zo sauya masa ƙyallen ƙafa na ji wari. Mai banda ta san warin abin da ya fara lalacewa.

Na ɗauko sauran accar na zauna da ita a tafin hannu. Ina murzawa sai na gane ta. Ba ita ba, kamarta. 'Ya'yan bado.

Farkon aurenmu ruwa ya taɓa cinye gonaki kaf. Babu gero, babu shinkafa. Mu mata muka riƙa bin fadamun wajen Baturiya, mu shiga ruwa har ƙirji muna tsinko kawunan bado, wannan mai farin fure da ke kwance a kan ruwa. A shanya a ƙasa, a daka, a sheƙe. 'Ya'yan ƙanana ne, kuma sun kwashi yashi. Wata tsohuwa ce ta koya min wankinsu. Ƙwarya biyu. A zuba ruwa, a karkata, a riƙa rairayawa a hankali har ƙwayar ta gangara ɗayar ƙwaryar, yashi ya rage a gindi. A zubar, a sake. Ba a ƙirga sau nawa. Sai ka goga yatsa a gindin ƙwarya ka ji shiru.

A shekarar muka rasa ɗanmu na fari. Bai kai yaye ba, nono ya ƙafe. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Da ya rasu ma ban kira ba. Tun daga nan ba a sake ambaton bado a gidanmu ba. Hannuna bai manta wankin ba. Ni ce ban so ya tuna.

Bayan azahar na fito da ƙorai biyu gindin darbejiya. Malam yana kwance a tabarma, ya ɗora ƙafar a kan filo. Na zauna na fara. Bayana ya ƙage, yatsuna suka yi fari. Har aka kira la'asar ban tashi ba. Yashin da na fitar ya cika tafin hannu. Na goga yatsa, na ji shiru.

Na tuƙa, na kai masa. Ba na zama in yana cin abinci, amma ranar na zauna.

"Malam, ka ci. In ka tauna yashi ko ɗaya, gobe ni zan tuƙa maka shinkafa da hannuna."

Ya yanki ƙaramar loma. Ya daɗe yana taunawa, yana neman yashin. Bai samu ba. Ya ƙara yanka. Bai ɗago kai ba ya ce, "Na gan ki. Wankin bado kika yi mata."

Na ce, "Eh."

Ya tsayar da hannunsa a cikin kwano. Can ya ce, "Da yanzu shi ma ya fara furfura."

"Allah ya jiƙansa. Ci kafin ya huce."

Ya ce amin. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon, sannan ya ce miyar ba gishiri. Na san akwai gishiri. Na ƙyale shi.

Yatsa ɗaya aka cire. Ƙafar tana nan, da ita yake zuwa fadama ya tsaya a kan kunya yana yi wa masu dashe faɗa. Yana shan maganinsa. Ranar Juma'a nake ba shi shinkafa, ludayi ɗaya, yadda likita ya yarda. Har yau abincin tsuntsaye yake kiran acca, kuma ba ya ragewa.

Kwanaki 'yarmu ta ce a Kano ana sayar da wankakkiya a leda, ba sai na wahala ba. Na ce ta ci gaba da aiko da mai yashin.