Kan Inna Ya Ƙi Tsayawa a Hoto

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ni ma ba na kallon fuskarta. In na baro shagon hotona a Daura na je ƙauyenmu wajen Zango, daga bakin ƙofa nake gaishe ta kaina a ƙasa, in ajiye tsaraba in fita. Kunya nake kiran wannan. Yanzu na san har da sakaci a ciki.

Da daminar da na sayi rimot mai agogo na sarrafa kyamara daga nesa, sai na ɗauri kayana a babur don in gwada shi a ɗakinta. Ɗakin ƙasa ne mai 'yar taga, ko da rana tsaka duhu ne. A irin wannan wuri sai an bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana shan haske, kuma hannu bai taɓa ta, in ba haka ba hoton ya girgiza. Na kafa ta a kan ƙafafunta, na saita rimot ya ɗauki hoto uku a jere da kansa, kowanne da tsawon lokacinsa: gajere, matsakaici, dogo, in zaɓi wanda ya fi.

Da ƙyar ta yarda ta zauna a bakin gado. Na koma gefe na danna. Da na duba, jeren kwanoninta sun fito tsaf, har zanen zaninta. Kanta kuwa da hannunta na dama sun zama hayaƙi.

"Inna, don Allah ki daina motsi mana," na faɗa da ɗan faɗa-faɗa.

"Kai wannan, ni ban motsa ba. Injinka ne mai rawar ɗari."

Na sake dannawa. A gajeren akwai fuska, a matsakaicin ta fara narkewa, a dogon babu ita sam, sai ɗankwali a kan hazo. Na ƙara ɗaure ƙafafun kyamara, na canja batir, ina addu'a a ce laifin na'ura ne. Amma da na'ura ce, ai da kwanonin ma sun yi rawa.

A karo na uku ban kalli kyamara ba, ita na kalla. Kanta na kaɗawa a hankali kamar mai cewa a'a, babban yatsanta na murza ɗan'uwansa ba carbi. Tana ganin idona a kanta ta tura hannun ƙarƙashin mayafi.

Na durƙusa na jawo shi. Yana ɓari a tafina kamar ɗan tsako.

"Sake ni, marar kunya."

"Inna, tun yaushe?"

"Tun ina ɓarar da koko ana cewa tsufa ne. Kai da ƙofa kake gaisawa, ina za ka gani?"

Na ce mu tafi asibiti, ta ce ba inda za ta. Na juyo mata dogon hoton. Ta daɗe tana neman fuskarta a ciki, sannan ta ce a miƙo mata takalmanta.

A asibiti likita ya ce cutar makyarkyata ce, ba ta warkewa amma magani na rage mata gudu, musamman in an zo da wuri. Ya ɗago ya tambaye ni yaushe ta fara. Inna ce ta amsa, ba ta dube ni ba: "Bai daɗe ba, likita. Shi ya fara gani."