Batirin Da Na Binne A Jiga Makera

Ni mutumin Jega ne, a unguwar Magaji aka haife ni. Sunana ba zai ƙara muku komai ba, don haka na bar shi. Mahaifina mai awon hatsi ne a kasuwa, mutum ne da ko ƙwayar geron wani ta faɗo cikin buhunsa sai ya tsince ta ya mayar. Ban taso da yunwa ba, kuma an sa ni makaranta, ta allo da ta boko. Na fara da wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri. A gidan yari na sha jin ɓarayi suna ɗora wa talauci laifi, ni dai ban isa in yi masa wannan ƙazafi ba.

Da na gama sakandare sai na koyi walda. Hannuna ya faɗa da wuri, har wani ɗan kwangila mai binne tankuna da bututu a gidajen mai ya ɗauke ni aiki. Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don ku gane girman abin da na yi. Duk gidan man da kuka gani, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi na sama yawa. Akwai tankuna, akwai bututun ƙarfe da ke kai fetur daga tanki zuwa famfo, kuma babu abin da ke kashe wannan ƙarfe kamar tsatsa. Shi ya sa ake shafe shi da kwalta har sau uku, a naɗe shi, sannan a binne wasu dunƙulallun ƙarfe masu laushi kusa da shi, a haɗa su da jar waya. Sai tsatsa ta bar bututun ta koma tana cin dunƙulen. Mu a wurin aiki ƙarfen fansa muke ce masa. Bakin wayar kuma a fito da shi cikin wani ɗan akwati a saman ƙasa. Duk shekara jami'in hukumar da ke sa ido kan gidajen mai zai zo ya ɗora mitarsa a kan wayar. In mita ta nuna lambar da ake so, ya san fansa tana aiki, sai ya sa hannu a takarda.

Satata ta farko ba ta kai a kira ta sata ba, haka na gaya wa kaina. Guntayen jar waya ne da suka rage, na tattara na kai wa wani mai sayen gwangwan, wato tsoffin ƙarafa, a Jega. Na ci tsire da kuɗin, ban ji komai a raina ba. Daga guntu na koma yankar sabuwa. Da maigida ya yarda da ni ya naɗa ni shugaban ma'aikata, sai shafin kwalta ya dawo ɗaya maimakon uku, sauran gangunan suka bi ta bayan gida. Wa zai tona ƙasa ya ƙirga shafi?

Wata rana mai gwangwan ɗin ya ce mini, “Dunƙulen ga da ku ka binnewa, ai asara ta. Kawo mani su ka ga alheri.” Na ce masa mitar hukuma za ta tona mini asiri. Ya yi dariya ya ce mai wayo irina ba ya rasa dabara. Yabon nan ya shige ni fiye da kuɗin. Na yi kwanaki ina gwaji har na gano cewa in na haɗa batirin tocila da wayar, na naɗe shi a leda na binne ƙarƙashin akwatin, mita za ta nuna lamba mai kyau ko da babu fansa ko ɗaya a ƙasa. Tunda kamfaninmu ke kula da wuraren, ni ake fara gaya wa ranar zuwan jami'i, sai in riga shi in canja batiri. Wallahi na yi alfahari da wannan dabara, har tafiyata ta canja. Na yi ta a wani gidan mai a Maiyama, na sake yi a hanyar Andarai, babu wanda ya gane.

Na uku shi ne na Jiga Makera, kusa da Aliero. Bayan katangar wurin akwai gona da rijiyar wani dattijo, Malam Habu, malamin allo ne kuma manomin albasa. Da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani, rubutu mai kyau da ake zuwa nema daga nesa. Rijiyarsa ita ce ruwan shan gidajen da ke wannan gefe, da ita kuma yake ba albasarsa ruwa. Tun da muka fara haƙa, kullum da rana sai ya aiko mana da fura. Ran da aka sauke bututu ya zo ya tsaya bakin rami yana kallo.

Ya ce mini, “Ɗana, wanga ƙarhe, halan ba shi taɓa mani rijiya?”

Na ce, “Malam, har jikokinka ba su ganin ɗigo guda cikinta.”

Ya ce, “To madalla. Ni ban san ƙarhe ba, kai kas sani.”

Ƙasar wurin mai damshi ce, irin wadda tsatsa ta fi so, kuma na san haka. Ranar wata Juma'a aka gama jera dunƙulen fansa a rami, maigida ya ɗauki hoto ya tafi. Da kowa ya yi shirin masallaci sai na riƙe ciki na ce yana murɗa mini. Suna ba da baya na kwashe dunƙulen na zuba a bayan mota na rufe da tamfol, na tura ƙasa a ramin. Da aka sauko, Malam Habu ya zo da kansa ɗauke da ƙwarya, ya yi mini rubutun ciwon ciki. Na karɓa na shanye a gabansa, na yi godiya.

Jami'in da ke zuwa dubawa wani dattijo ne, Injiniya Garba. Ba na so ku ɗauka cin hanci ya yi, don bai taɓa yi ba. Mutum ne da ko buhun albasa aka sa masa a bayan mota sai ya tsaya an sauke. Laifinsa ɗaya, ya yarda da mitarsa kuma ya yarda da ni. Zai tsuguna ya ɗora ta, ya duba lamba, ya ɗago ya ce, “Da kowa yana aiki irin naka, da mun huta.” Ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai kunya. Shekara huɗu muna haka.

A shekara ta biyar, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ake dashen albasa, Malam Habu ya kira ni a waya. Ya ce ruwan rijiya ya canja, yana wani irin wari, kuma ni kaɗai ya sani mai ilmin abin. Na hau babur na je. Aka jawo guga, na ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Ban ma kai hancina ba na san mene ne. Tsatsa ta huda bututu, fetur ya bi ƙasa ya sauka rijiya. Gabana ya faɗi, amma ba don Malam ba, don kaina. Na shinshina, na ɗaure fuska irin ta masana, na ce man injin ban-ruwa ne ya zuba, a yashe rijiyar kawai za ta dawo daidai. A raina ina shirin in dawo cikin mako in tona wurin a ɓoye in toshe ɓular.

Ya ce, “Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Gobe in kira mai yasa.”

Ga wurin da ya fi ci mini rai, kuma shi nake so ku riƙe. A ƙasarmu, kafin mutum ya sauka rijiya, sai an ɗaura fitila mai wuta a igiya an zura ta ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, ba a shiga. In ta ci gaba da ci, sai a sauka. Da wannan al'ada na taso, na gan ta ba sau ɗaya ba. Ina isa Aliero abin ya faɗo mini. Na tsayar da babur a gefen titi kusa da masu ɗaura buhunan albasa, na ciro waya, na nemo lambar Malam. Kalma huɗu kawai ake bukata: kada a kusanto wuta. Sai na tuna zai tambaye ni dalili, kuma dalilin zai kai ga rami, ramin zai kai ga batiri. Na ce wa kaina wataƙila ba za su sa fitila ba. Na mayar da wayar aljihu na wuce gida.

Washegari da hantsi mai yasa ya zo. Malam Habu bai yarda baƙo ya shiga rijiyarsa ba a gwada ba, don haka shi da kansa ya kunna fitila ya zura, ya leƙa yana kallon harshen wutar. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta kai rabi ba rijiyar ta yi wata irin ƙara, wuta ta taso ta bakinta. Mai yasa yana baya, gemunsa kawai ya babbake. Malam kuwa ta same shi a fuska da hannuwa. An kai shi asibiti, ya rayu, amma idanunsa duka biyu sun tafi, yatsunsa kuma suka ƙanƙance.

Hukuma ta rufe gidan man, aka zo da masu tono. Injiniya Garba ya sa aka kira ni in nuna inda fansa take. Na tsaya ina nuna nan, ina nuna can, ana tonawa ba a ganin komai sai bututu da ya zama kamar rariya. Daga ƙarshe ya ce a tona ƙarƙashin akwatin. Aka ciro ledar. Ya kwance ta da hannunsa, ya daɗe yana kallon abin da ke ciki.

Ya ce, “Shekara huɗu ina sa hannu a kan batirin tocila.” Bai zage ni ba. Ya ce, “Ina da ina kuma?”

Na faɗi Maiyama, na faɗi Andarai. Wannan ita ce gaskiya ta farko da ta fito daga bakina a cikin shekaru. Da aka tona na Andarai, an tarar har ya fara tsattsafo, kuma akwai rijiya kusa. Shi Injiniya Garba an sauke shi daga aiki saboda sa hannunsa, ya koma gida da tabon da ba shi ya jawo ba. Mahaifina ya daina fita kasuwa, ya rasu ina tsare.

An yanke mini shekara biyar. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba, wahalarsa kamar yadda kuke ji ce, har ta fi. Amma cunkoso da ƙwarƙwata ba su dame ni kamar tsayuwar nan ta gefen titi a Aliero ba. Kullum sai na koma wurin a raina, in ga kaina da waya a hannu. Na yi kuka, na yi tuba, na koma ga sallar da na yi wasa da ita, amma na san akwai haƙƙin da sallah ba ta ɗauke shi sai mai shi ya yafe.

Da aka sake ni, kwana biyu na yi a Jega na nufi Jiga Makera. An toshe rijiyar da siminti. Gonar albasa ta zama fili, ruwan sha kuma a jarkoki ake kawo shi kan amalanke daga nesa. Na sami Malam zaune a zaure, babban ɗansa ne ke ba da karatu, shi yana gyara da kunne. Na yi sallama na durƙusa. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

“Kai na?”

“Ni na, Malam.”

Ya ce, “Abu guda ni ka son ji. Ran da kash shinshina ruwan ga, ka san ko mi na?”

Na ce na sani.

“Kuma ka san muna zura hitila?”

Na ce, “Na sani, Malam. Har na hiddo waya in kira ka, nim mai da ta.”

Na zaci zai tsine mini, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ɗaga hannuwan nan da ba sa iya riƙe alƙalami ya shafa fuskarsa. Ya ce, “Na gode da ba ka ƙara mani wata ƙarya ba. Idanu na yahe maka, Wanda Yab ba ni su Shi Yak karɓa. Amma ruwa ba nawa na ni ɗai ba. Tashi ka bi gidajen ga ɗaya-ɗaya.”

Na bi su. Wasu sun yafe, wasu sun ce in tafi kawai. Wata tsohuwa da na tarar tana juye jarka a randa ta ce ba ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Yanzu ina walda a Jega, ƙofofi da tagogi, abin da ido ke gani. Duk wata ina komawa in gaishe da Malam, in sake tsayawa ƙofar tsohuwar nan.

Ƙannena masu koyon sana'a, da yawanku za ku yi aikin da za a rufe da ƙasa, ko siminti, ko fenti, babu mai sake gani. Ku yi shi kamar gobe za a tona. Mai dubawa yana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma ana iya ruɗarsa, ni shaida ne, amma tsatsa ba ta karanta takarda. Kada ku raina guntuwar waya, da ita na fara. In kuma kun riga kun yi ɓarna, har kuka tsaya gefen titi kuka ciro waya don ku faɗi gaskiya, ku daure ku kira. Ni na mayar da tawa aljihu, kuma akwai wani bawan Allah a Jiga Makera da bai sake ganin rubutun hannunsa ba.